Agogon miliyoyi: ajiya ce ko ado? Darasi ga ƴan kasuwar Ƙonni

A watan Disamban 2021 kamfanin Patek Philippe na ƙasar Suwizilan ya fitar da wani agogon hannu mai shuɗiyar fuska, samfurin Nautilus 5711, ƙwara 170 kacal, don cikar shekara 170 da fara hulɗarsa da kantin Tiffany na Amurka. Kuɗinsa a kanti dalar Amurka 52,635 ne, wato kusan miliyan 30 na Sefa a canjin lokacin. Da aka kai guda ɗaya gwanjo a birnin New York don a ba da kuɗin ga aikin kare muhalli, sai da ya kai dala miliyan 6 da rabi, fiye da miliyar 3 da rabi na Sefa. Agogon kuwa na ƙarfe ne, babu lu'ulu'u a jikinsa.

Wannan ciniki ya zama kamar ƙololuwar wani zazzaɓi da ya kama masu tara agoguna a duniya. Bayan ƴan watanni farashi ya fara gangarowa, kuma tun daga lokacin ake ta muhawara a kan tambaya guda: idan mutum ya zuba irin waɗannan kuɗi, me ya saya? Injin da ke ciki, sunan da ke fuska, ko ƙarancin kayan?

Tambayar ba ta yi nisa da Birnin Ƙonni ba kamar yadda ake zato. Ba kowa ke da halin sayen Patek ba, amma agogo ya daɗe da zama shaidar rufin asiri a ƙasar Hausa. Rado da Seiko 5 da Orient sun shigo gidaje da yawa a cikin tsarabar alhazai, wasu kuma ta hannun masu safarar Dubai. Abin da ya ƙaru a yau shi ne masu talla ta WhatsApp da Facebook, waɗanda ke nuna hoton agogo su ce ƙididdigagge ne, ƙwara kaza aka yi, duk wanda ya saya ya ajiye dukiya.

Dalilin da ya sa maganar ke shiga kunne

Ɗan kasuwar bakin iyaka ya san zafin riƙe kuɗin da ke narkewa. Kafin watan Yunin 2023 dalar Amurka ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Duk wanda ke da bashi ko ajiya da naira tsakanin Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato ya ji a jikinsa. A kan wannan aka ƙara rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ta ba sai a watan Maris na 2024. Sefa na nan a ɗaure da yuro a kan 655.957, amma dattawa ba su manta da karyewar darajarsa da rabi a Janairun 1994 ba, ga kuma zancen sabon kuɗin ƙasashen AES da ke tasowa lokaci zuwa lokaci.

A irin wannan hali kowa na neman abin da zai juya kuɗinsa a ciki: fili, shanu, zinariya, buhunan albasa. Agogo na da abin jan hankali. Ba ya cin dusa, ba ya ruɓewa, yana tsallaka iyaka a hannun mai shi. Sai dai lissafin bai tsaya nan ba.

Yadda farashi ya hau, ya kuma sauko

A shekarun 2020 da 2021, lokacin annobar korona, masu hali a Turai da Amurka da Asiya sun zauna a gida da kuɗi a hannu, ruwan bashin banki ya yi ƙasa sosai, kuɗin intanet irin su Bitcoin suna ta hauhawa. Kamfanoni kamar Rolex da Patek Philippe da Audemars Piguet ba su iya biyan buƙata ba, sai layin jira ya yi tsawo. Wanda ya samu a kanti yana iya sayarwa a ranar da ninki biyu ko uku.

A watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa, kuɗin intanet suka faɗi, waɗanda suka sayi agogo don riba suka fito da shi kasuwa a lokaci guda. Cikin shekara biyu farashin manyan agogunan da aka taɓa ɗaurawa ya ragu da kusan sulusi, Nautilus ɗin da aka fi rububi kuwa ya rasa kusan rabin darajar da ya kai.

Abin lura shi ne farashin sabo a kanti bai sauko ba, ƙaruwa ma ya yi. Zinariya ta haura dala 4,000 kowane oza a Oktoban 2025. A Agustan 2025 Amurka, wadda ita ce babbar kasuwar agogon Suwizilan, ta ɗora harajin kashi 39 cikin 100 a kan kayan ƙasar, kafin a cim ma yarjejeniyar mayar da shi kashi 15 a watan Nuwamba. Ke nan mai saye na biyan tsada a kanti, idan ya zo sayarwa kuma ya tarar da kasuwa ta yi sanyi. In ban da ƴan samfura kaɗan, yawancin agogunan tsada darajarsu na raguwa ne daga ranar da suka bar kanti, kamar sabuwar mota.

Rigimar inji

Ɓangare na biyu na muhawarar a kan abin da ke cikin agogon ne. Kamfanoni ƙalilan ne ke ƙera injinsu da kansu tun daga farko har ƙarshe. Da yawa suna saye ne daga masana'antu irin su ETA da Sellita, su ƙawata shi, su sa sunansu. Rado kansa, wanda ya yi suna a nan tun bayan fitowar samfurin DiaStar a 1962, yana ƙarƙashin rukunin Swatch ne, kuma yana amfani da injin ETA na rukunin. Wannan ba aibu ba ne. Injin na da ƙarko, kayan gyaransa sun fi sauƙin samu. Inda masu tara agogo ke tayar da jijiyar wuya shi ne idan aka sa inji na gama-gari a agogon da aka kira ƙididdigagge, aka canza launin fuska kawai, sannan aka ninka kuɗi.

A ƙarshen 2009 kamfanin TAG Heuer ya gabatar da inji mai suna 1887 a matsayin ƙirar gida. Masana suka gano cewa an gina shi ne a kan wani zanen kamfanin Seiko na Japan, har shugaban kamfanin ya fito ya amince da haka. Ko tambarin da ke cewa ƙirar Suwizilan ce ba ya nufin komai a can aka yi: dokar da ta fara aiki a Janairun 2017 ta nemi kashi 60 cikin 100 na kuɗin ƙera agogon ya kasance a cikin ƙasar, saura na iya fitowa daga ko'ina.

Idan kuwa don sanin lokaci ne, an gama wannan gardama tun 1969, shekarar da Seiko ya fito da agogon hannu na farko mai injin quartz. Agogo mai wani ko otomatik da ya samu takardar shaidar inganci a Suwizilan an yarda ya yi jinkirin daƙiƙa 4 ko gaggawar daƙiƙa 6 a rana. Ƙaramin Casio na roba, wanda ake samu da ƴan jikkuna, kuskurensa bai wuce daƙiƙa 30 a wata ba. Mai son kada sallar asuba ta wuce shi ba ya buƙatar miliyan.

Inda lissafin ya bambanta a nan

Akwai abin da ya keɓanci mai saye Musulmi. Malamai sun haɗu a kan haramcin ɗaura zinariya ga namiji, don haka agogon da alhaji zai saya na ƙarfe ne. Sarƙar zinariyar mace, ko yayinta ya wuce, ana ɗora ta a sikeli a biya nauyinta. Agogon ƙarfe ba shi da wannan madogara. Darajarsa gaba ɗaya tana rataye ne a kan yardar mai saye na gaba.

A nan ne babbar matsalar take. Mai albasa a Galmi da ya zuba amfaninsa a rudu bayan girbi ya san wani kaso zai lalace, amma ya san motocin Gana da Kodibuwa za su zo. Mai kiwon rago a Badagishiri ya san layya na tafe. Mai agogon miliyan goma da buƙata ta taso masa ranar Laraba a kasuwar Ƙonni, wa zai saya? Sai ya nemi dillali a Yamai ko Kano ko Dubai, shi kuma zai fara tambayar kwali da takardar garanti da faktir. Babu su, farashi ya faɗi.

Ga kuma jabu. Masana'antar Suwizilan ta daɗe tana kukan cewa ana ƙera jabun agogunanta gomman miliyoyi a shekara, wasunsu ba a gane su sai gwani ya buɗe bayansu. Lambar da aka zana, kamar 25 cikin 500, ba hujja ba ce, don mai jabu ma ya iya zana lamba. Sannan agogo mai inji na buƙatar a wanke shi a sa masa mai bayan ƴan shekaru, ga ƙurar hunturu da zafin bazara, manyan kamfanoni kuma ba sa sakin kayan gyara ga kowane mai tebur.

Wanda ya ga agogo ya burge shi, yana da hali, ya saya ya ɗaura. Ado ne, kuma yana iya zama gado. Amma kafin a kira shi ajiya, akwai tambayoyi uku da ya kamata mai saye ya samu amsarsu: wane inji ne a ciki, wa zai tabbatar da cewa na ainihi ne, kuma nawa dillalin da ke tallarsa zai biya idan aka mayar masa da shi gobe. Amsar ta ukun ita ce farashinsa na gaskiya.