Tauye Mudu a Rumfar Mai Walda

A Sanyinna, da Tambuwal, da Kebbe, zamanin ƙyauren kara da gadon itace yana shuɗewa. Ƙofa, da taga, da gadon amarya, da bencin makaranta, yanzu duk da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu ake yin su, wanda masu walda ke kira fayif. Wannan ci gaba ne, babu musu. Amma fa wata cuta ta biyo bayansa, watau sayar da ƙarfe maras kauri da sunan mai kauri. Talaka ya sayar da gero ya yi ƙofa, damina biyu tsatsa ta huda ta. Benci kuwa yara huɗu su zauna ya lanƙwashe.

Wanda ya san yadda ake yin fayif ba a ruɗinsa. Asalinsa farantin ƙarfe ne mai tsawon gaske, an naɗe shi kamar tabarma. A masana'anta sai a tsaga shi tsiri-tsiri, a zura cikin jerin na'urori masu murzawa, ba tare da an gasa shi a wuta ba. Kowace ta ɗan tanƙwara shi ta miƙa wa ta gaba, har bakinsa biyu su haɗu, a liƙe su da zafin lantarki, ya zama bututu mai da'ira. Sa'an nan wasu na'urorin su matse shi ta gefe huɗu, a yayyanke shi mita 6 ko ƙasa da haka kaɗan. Ashe ke nan kaurin fayif daga faranti yake. Abin da aka zura shi ke fitowa, fenti ba ya ƙara masa kome.

To, ga lissafin. Fayif mai faɗin inci ɗaya, da mai kaurin milimita 1.2 da mai 0.8, daga waje duk kamarsu ɗaya. Amma a kan sikeli, mita 6 na farkon ya ɗara kilo 5, na biyun bai kai kilo 4 ba. Sulusin ƙarfen ya tafi. Da mai awon hatsi ne ya rage sulusin tiya a kasuwa, lalle da bai kai la'asar ba sai a gaban Sarkin Kasuwa. Don me za a ƙyale mai ƙarfe?

Kowa da hanzarinsa. Mai walda ya ce masu saye ke son araha. Dillali ya ce haka aka aiko masa. Masu masana'anta su ce faranti daga ƙasashen waje yake zuwa da tsada. Wannan kam da gaskiyarsu, gama masana'antar Ajaokuta, wadda Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashinta a 1980, ba ta kai ga narka tama ta ba ƙasa faranti ba. Amma tsada ba ta halatta ha'inci. Fayif maras kauri ba laifi ba ne, yana da amfaninsa wajen rataya labule. Laifin shi ne a ɓoye sunansa, a karɓi kuɗin wani.

Akwai hukumar SON, wadda aka kafa da dokar 1971 don duba ingancin kaya, ya kuwa kamata idonta ya kai shagunan ƙarfe. Amma kafin ma'aikacinta ya iso Sanyinna, maganin yana hannun wanda ya yi yaƙi da jahilci ya ci nasara. Ya tambayi kaurin fayif da milimita, ya sa a rubuta a rasit, ya karanta da idonsa. Ya duba bakin ƙarfen inda aka yanke tun ba a shafa fenti ba. In ya yi shakka, a ɗora a sikeli. Mai walda na kirki ba ya ƙin wannan, don shi ma ƙarfe maras kauri ɓata masa aiki yake yi, yana hujewa da an sa masa wuta.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Wanda ya koyi karatu da lissafi, sa'an nan ya yarda da cinikin biri a sama, kada ya zargi kowa sai kansa.