Jinjina Ga Masu Ɗaukar Adar Daga Sama, Sai Dai a Duba Farfela

Shekarun baya kaɗan, wanda yake son ganin Tawa daga sama sai ya hau jirgi, ko ya jira wani baƙo ya zo da kayansa ya ɗauka ya tafi da abinsa. Yau ƴaƴan garin ne ke wannan aiki. Matasa ne da suka tara kuɗin ɗaukar biki da suna, suka sayi ɗan jirgin nan maras matuƙi mai kyamara, suka koyi sarrafa shi ba makaranta ba malami. Sannunku da aiki, samari. Kun cancanci jinjina.

Abin da kuka yi ya wuce ado. Gandarin duwatsu da miliyoyin itatuwan da aikin Keita ya bari, wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO), ba a gane girmansa sai daga sama. Haka tabkin Tabalak, haka fadamun albasa na Galmi, haka cikar filin kokowa na Hamidine Maïdaré a Tawa, garin da ya karɓi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975. Ba'adaren da ke cin rani a Abijan ko Libiya yana buɗe wayarsa ya hangi rufin gidan ubansa. Kuma kuna da magabaci na gida: Aziz Kountché, mai kamfanin Drone Africa Service a Yamai, wanda jirgin da ya ƙera ya yi wa hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya taswirar sansanonin jihar Diffa a 2016.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kuke raya waɗannan jirage a inda babu shagon kamfani. Jirgi ya daki bangon gida ko reshen bedi, farfela ta karye, sai a sa a kawo wata daga Yamai ko Kano, a ɗaura, a ci gaba. A nan maganata take.

Yawancin jiragen nan na DJI ne, kamfanin birnin Shenzhen na ƙasar Sin, kuma kasuwa cike take da farfelun da wasu suka kwaikwaya, masu sauƙin kuɗi. Ba zan ce duka banza ba ne. Akwai masu ƙera na kirki, kuma wanda ke jiran kaya mako da makonni ba a ce masa ya ajiye sana'a. Amma a san abin da ake saye. Jirgin mai farfela huɗu ne, biyu na juyawa dama, biyu hagu, kowace tana zagaye dubbai a minti guda. Ba shi da fiffiken da zai yi shawagi da shi in abu ya lalace. Farfela ɗaya ta tsinke a sama, jirgin ya wuntsila ya faɗo, kuma babu gwanin da zai tare shi da madanni.

Tun kafin a kai ga tsinkewa ma ana asara. In reshe ɗaya na farfela ya fi ɗan'uwansa nauyi ko da kaɗan ne, jirgin zai riƙa karkarwa, kamar fankar ɗaki da hannunta ɗaya ya lanƙwashe. Karkarwar tana bi ta jikin jirgi ta isa kyamara, hoto ya yi ta rawa, mai biki ya ce aikin bai yi kyau ba. Tana cinye boris ɗin injin, batir ya riƙa ƙarewa da wuri. Lambobin da ke jikin farfela ma suna da ma'ana: 9450 ta jirgin Phantom na DJI na nufin faɗin inci 9.4 da karkatar inci 5. Kwamfutar da ke cikin jirgin an daidaita ta ne da wannan awo, kuma ta kwaikwayo tana iya ɗaukar lambar ba tare da ta cika awon ba.

Sannan ƙasarmu ba ta raga wa roba. A watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa yana haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, dole inji ya ƙara gudu kafin ya ɗaga nauyin da ya saba ɗagawa. Rana tana busar da roba maras inganci har ta yi gautsi, ƙurar hunturu da rairayin da jirgi ke tayarwa wajen tashi suna goge bakinta. Farfelar da za ta daɗe a wata ƙasa, a nan kwananta kaɗan ne.

To, wa ke ɗaukar hatsarin? Rangwamen da aka samu yana aljihun mai jirgi. Amma wanda ke ƙarƙashin jirgin ƙawar amarya ce, ko tsohon da ya zo ɗaurin aure, ko yaran da ke bin sa da gudu fuskokinsu a sama. Ba wanda ya shawarce su lokacin ciniki. A 2015, a birnin Tijuana na Meziko, mawaƙi Enrique Iglesias ya kai hannu ga irin wannan jirgi yana tsakiyar wasa, farfela ta yanke masa yatsu har sai da aka yi masa aiki. Wannan hannun babban mutum ke nan. A tuna da idon yaro.

Saboda haka nauyin da ya rage muku ba mai tsada ba ne. Sabuwar farfela, ko ta wane kamfani ce, a fara gwada ta a fili bayan gari, jirgi ya tsaya ƙasa-ƙasa na ƴan mintoci, a saurari ƙararsa, a sauke a taɓa injinan a ji ko wani ya fi sauran zafi. Kafin kowane tashi a bi bakinta da yatsa, a duba gindinta inda tsagewa ke farawa. Wadda ta taɓa dukan bango a jefar, kada a liƙe ta da gam. Masu ƙananan jiragen Mini su sauya reshe biyun inji ɗaya tare, da sababbin kusoshinsu, kada a haɗa na asali da na kwaikwayo. Ranar taro kuwa a ɗaura ta asali, kuma a ɗauko jama'a daga gefe, ba daga tsakar kansu ba. In tsada ce matsala, ku haɗa kuɗi ku yi oda tare. Ɗaliban fasaha na Jami'ar Djibo Hamani za su iya haɗa muku ɗan ma'aunin daidaita farfela, don ƙaramin aiki ne. Masu sayarwa su ma su ji tsoron Allah, su faɗa wa mai saye wadda ta asali ce da wadda ba ita ba.

Kada kuma a manta inda muke. Garin Tawa yana da filin jirgin sama, kuma yankunan Tillia da Tassara na jihar sun shiga dokar ta-ɓaci tun 2017. A nemi izini daga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa (ANAC) da mahukuntan gari kafin a tashi. Hatsari ɗaya a tsakiyar taro ya isa a hana kowa, har da waɗanda ba su yi laifi ba.

Ƴan'uwa, kun nuna wa duniya Adar da hannunku, Allah ya yi wa sana'arku albarka. Kafin bikin da ke tafe, kowa ya buɗe jakarsa ya fitar da farfelar da bai yarda da ita ba.