Ba Tuwo Ne Ya Cuce Mu A Agege Ba

Yau kan abinci zan yi magana, saboda yadda ciwon sukari da hawan jini ke yawaita a tsakaninmu, kuma shawarar da ake ba juna a majalisa ta rabu biyu: wasu su ce a bar mai, wasu su ce a bar tuwo. Ni a ganina duk sun kauce hanya.

Bari mu fara da lissafi. A shekarar 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni cewa kashi 55 zuwa 75 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci ya fito daga dangin sitaci, kashi 15 zuwa 30 daga maiƙo, 10 zuwa 15 daga abinci mai gina jiki, wato furotin. Giram ɗaya na sitaci ko furotin kalori 4 yake bayarwa, na maiƙo kuwa 9. To mai bukatar kalori 2,000 a yini, idan ya raba 60, 25, 15, zai ci giram 300 na sitaci, giram 55 na maiƙo, wajen babban cokali huɗu ke nan har da wanda ke ɓoye cikin nama da gyaɗa, sai giram 75 na furotin.

Ku dubi wannan da kyau. Ai cimar kakanninmu ce: tuwon dawa, miyar kuka da daddawa, fura da nono, ɗan man shanu kaɗan. Sitaci mai yawa, maiƙo kaɗan, tun kafin Bature ya rubuta.

Matsalar ita ce lissafin bai san bambancin gero da burodi ba. Duka sitaci yake kiransu. Gero yana tafe da dusarsa da furotin sama da kashi 10 cikin 100, jiki na narkar da shi a hankali. Burodin Agege da muke alfahari da sunansa kuwa farar fulawa ce da sukari, an cire mata dusa. Garin kwaki ya fi shi muni ta fuskar gina jiki, kusan sitaci ne zalla. Yanzu ku ƙirga yinin ɗan ci-rani a Zango: da safe teburin mai shayi, burodi da shayi mai kauri, da rana teba ko farar shinkafa da lemon kwalba, da dare Indomie biyu. A takarda ma'auninsa na iya yin daidai, amma jininsa ba ya karanta takarda. Hukumar nan ta ce sukarin da ake zubawa kada ya kai kashi 10, wato giram 50 ga mai kalori 2,000. Kwalbar lemo babba guda ɗaya kan cinye wannan, ba a ma zo kan shayi ba.

Sannan kakanninmu noma suke yi. Mai dako a Mile 12 yana ƙona abin da ya ci, na yarda. Amma Alhajin da ke zaune kan benci yana canji ko sayar da goro daga safe har magariba, da wane aikin zai ƙona malmala uku?

Masu cewa a bar mai kwata-kwata su ma su yi hattara. Bitamin A da ke cikin zogale da karas sai da maiƙo jiki ke ɗaukarsa sosai, kuma wanda ya cire mai daga miya yakan cike gurbin da ƙarin tuwo. A rage suya dai, musamman da man da aka yi ta maimaitawa a kasko.

Abin da ya fi ƙaranci a kwanonmu furotin ne da ganye, alhali waken da ake saukewa a kasuwannin Legas daga gida yake zuwa, masu saukewar ma mu ne. Ƙosai ko alale a maimakon rabin burodin safe, ƙuli-ƙuli cikin kwaɗon rama, wake cikin shinkafa, kunun gero ba sukari. A 2023 hukumar ta sake jaddada giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a yini ga babba. Wanda likita ya riga ya tabbatar masa da sukari kuwa, awon malmalarsa sai ya zauna da likitan sun tsara.