RA'AYINMU: Yaran Galahanga A Minna Na Bukatar Adashi, Gidauniyar Yini Guda Ba Ta Isa Ba

Duk wanda ya daɗe a Kurmi ya san yadda ake kiran gidauniya. Saƙo zai zo daga gida cewa iska ta yaye rufin masallaci, ko gobara ta cinye kasuwa, ko ruwa ya yi gyara. Sarkin Hausawa ya sa a yi shela, a taru a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ko Shagamu, mai kuɗi ya ajiye nasa a kira sunansa, mai turin baro ya kawo ɗan abin da ya samu. Haka aka yi a sassa da dama na ƙasar nan lokacin da ambaliya ta afka wa Mokwa ran 29 ga Mayu, 2025, ta halaka mutum fiye da 150. Wannan hali ne mai kyau, kuma babu mai ƙwace mana shi.

To, amma akwai wata ɗawainiya wadda ba ta zuwa da ƙara, ba ta da hayaƙi, ba ta da gawa, saboda haka ba a yi mata shela. Ita ce ɗawainiyar gidan da Allah ya ba yaro mai galahanga. Mun ɗauki Minna ne a yau domin da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi 'yan Jihar Neja ne, kuma hanyar jirgin ƙasa ta haɗa garin da Ikko tun fiye da shekara ɗari. Abin da za mu faɗa ya shafi Bida da Kontagora da Suleja kamar yadda ya shafi Bosso da Tunga da Kpakungu da Maitumbi.

Da farko sai mu gyara suna. Bahaushe yakan jibga lalurori iri-iri a ƙarƙashin kalmar galahanga, har da shanyewar gaɓoɓi ta haihuwa da raunin fahimta. Wadda muke magana a kai ita ce likitoci ke kira otizim. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner shi ne ya fito da bayaninta a 1943, bayan ya lura da yara 11. Yaron yakan zama lafiyayye a jiki, kyakkyawa, yana gudu yana tsalle. Sai dai a kira sunansa ba ya waiwayowa, ba ya son haɗa ido, ba ya nuna abu da yatsa don uwa ta gani, maganarsa ta yi jinkiri ko kuwa ya riƙa maimaita abin da aka faɗa masa. Yakan jera murafun kwalba ko takalma a layi ɗaya, in aka taɓa ɗaya sai kuka. Yakan kaɗa hannu, ko ya yi ta juyawa wuri guda. Ƙarar injin niƙa ko lasifikar biki, wadda sauran yara ba su damu da ita ba, shi tana iya zame masa azaba. Ana iya ganin alamun tun yaro yana shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma maza sun fi mata samunta da kusan ninki huɗu. Lalurar hawa-hawa ce. Wani zai yi karatu har jami'a ya yi aure, wani kuwa har girmansa sai an taimaka masa da wanka da cin abinci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 kimanin mutum 1 cikin 127 ne ke da ita a faɗin duniya. In muka bi wannan awo, unguwar da ke da yara dubu ba za a rasa bakwai ko takwas ba. Mai karatu ya tambayi kansa ko nawa ya taɓa gani a islamiyyar unguwarsu. Suna nan, a cikin ɗaki suke.

Dalilin ɓoyewar ba boyayye ba ne. Da zarar yaro ya kai shekara uku bai yi magana ba, sai gari ya ɗauka. Wannan ta ce aljanu ne, waccan ta ce ɗan ruwa ne, wani ya ce sammun kishiya ne, dangin miji su ce a gidansu uwar ta kwaso. Babu ko ɗaya a ciki da ke da tushe. Binciken masana ya nuna gado, wato ƙwayoyin halitta, shi ke da kaso mafi girma, kuma yakan zo ta wajen uba kamar yadda yakan zo ta wajen uwa. Rashin iya reno ba ya kawo ta. Allurar rigakafi ma ba ta kawo ta. Takardar da wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya buga a 1998 yana danganta lalurar da allurar ƙyanda, mujallar da ta buga ta janye ta a 2010, shi kuma aka soke sunansa daga rajistar likitoci. Mu da muka ga abin da ƙin allurar shan-inna ya jawo wa Arewa bayan 2003, bai kamata a sake sayar mana da wannan tsohuwar haja ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne inda kuɗin gidan ke tafiya. Magidanci yana Mile 12 yana dakon tumatir, ko yana gadi a Fatakwal, yana aika kuɗi gida duk wata. Matar tana ɗaukar yaron daga wannan mai magani zuwa wancan, a sayi rago, a sayi turare, a sayi rubutu, shekara biyu ta wuce. Addu'a ba ta hana neman likita, kuma malaman kirki su ke fara faɗar haka. Amma duk wanda ya ce yana da maganin da zai kawar da galahanga cikin mako bakwai, kuɗinka yake so, domin har yau babu ƙwaya ko allura ko saiwa da ke yin wannan aiki. In ƙarfi ya ƙare kuma yaro ya girma ya fi ƙarfin uwa, sai a kulle shi. Mun ga ƙarshen wannan hanya a watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka fitar da kimanin mutum 300, ciki har da yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Ba mu ce dukansu masu wannan lalura ba ne. Mun ce nan ne iyalin da ya rasa mai nuna masa hanya yakan kai ɗansa.

Abin da ke aiki an san shi, kuma ba shi da ƙyalƙyali. A fara gwada jin yaron, domin kurumta ma tana hana magana. A kai shi ga likitan yara ko na ƙwaƙwalwa ya tantance, ya kuma duba ko akwai farfaɗiya, wadda ita tana da magani. Daga nan sai koyarwa ta yau da gobe: yadda zai nuna yana jin ƙishirwa ko da da hoto ne, yadda zai shiga bayi, yadda zai sa riga, yadda zai zauna da 'yan'uwansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aikin na shekaru ne, kuma yana bukatar mutum guda wanda za a biya albashi ran ƙarshen kowane wata.

A nan ne gidauniyar da muka saba ta gaza. Mun san yadda take. A kama zaure, a gayyaci babban baƙo, a yi sa'a uku ana jawabi, a yi alkawarin miliyoyi a gaban lasifika, rabin alkawarin ba za a ƙara jin labarinsa ba. Abin da aka karɓa a sayi shinkafa da sabulu da atamfa a raba, a ɗauki hoto. Shinkafa ba laifi ba ce, gidajen nan na bukatarta. Amma buhu zai ƙare cikin wata guda, yaron kuwa yana nan yadda yake. Har wa yau muna roƙon masu shirya irin wannan taro su daina jera yaran a gaban jama'a ana kiɗa ana ɗaukar hotonsu. Yaron da ƙara ke firgitawa, ka sa shi gaban lasifika domin a tausaya a ba da kuɗi, ka cuce shi da sunan taimako.

Mu a namu ra'ayin, tsarin da ya dace da wannan lalura muna da shi a hannu tun kaka da kakanni, wato adashi. Mu yi lissafi mai sauƙi. In mutum 200 daga cikin 'yan Neja mazauna Ikko da Badun suka ɗauki alkawarin Naira 1,000 duk wata, an sami Naira 200,000. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Tarayya ta tsayar a 2024 Naira 70,000 ne. Ke nan za a iya biyan malamai biyu, a kuma rage kuɗin Keke Napep na kai yara da dawo da su. Ɗaki ɗaya a wata makarantar firamare ko islamiyya ko ta coci ya isa a fara, da yara goma, ba sai an jira ginin bene ba.

Ina za a sami malaman? A garin Oyo akwai kwalejin horon malamai ta Gwamnatin Tarayya wadda aka kafa a 1977 musamman domin koyar da naƙasassu, kuma daga Sabon Badun tafiyar sa'a guda ce. Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano su ma suna da sashen wannan ilmi. Ƙungiyar da ta ɗauki nauyin karatun 'yan mata biyu daga Minna, bisa sharaɗin su koma gida su yi aiki na wasu shekaru, ta yi abin da ya fi buhu dubu. Kafin su gama kuma akwai gajeriyar hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani shiri na horar da iyaye, zama tara a rukuni da ziyara uku a gida, wanda ma'aikacin lafiya na unguwa zai iya gudanarwa in an koya masa, kuma an gwada shi a Habasha da Kenya. Uwa ce ke tare da yaron dare da rana. In ta san abin yi, kowane wanka da kowane cin tuwo ya zama darasi.

Kada wani ya ce Minna ba za ta iya ba. A wannan gari ne marigayi Sheikh Ahmed Lemu da marigayiya Hajiya Aisha Lemu suka raini ƙungiyar ilmin Musulunci ta IET har ta zama abin da ta zama. A nan ne kuma aka kafa tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi, FOMWAN, a 1985, wadda ta bazu ƙasar nan da makarantu da asibitoci. Ba da gidauniyar yini guda aka gina su ba. Da rajista da littafin kuɗi da taron wata-wata aka gina su. Don haka duk asusun da za a buɗe, a buɗe shi a banki da sa hannun mutum uku, ɗaya daga ciki uwar yaro mai lalurar, a kuma karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban jama'a duk wata uku. Mun sha ganin ƙungiyoyin 'yan gari sun watse a kan kuɗin da ma'aji ya ce ya ranta wa ɗan'uwansa. Masu fitar da zakka da masu niyyar wakafi su ma su tuna da wannan fanni. Shago ɗaya a kasuwar Kure da aka tsayar da hayarsa ga ajin yaran nan zai riƙa biyan malami bayan mai shagon ya daɗe a kabari.

Akwai kuma taimakon da mu mazauna Kurmi kaɗai za mu iya yi. Ƙwararrun wannan fanni sun taru ne a Ikko da Badun da Abuja. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba su kai 300 ba, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha kokawa, masu koyar da magana kuwa sun fi su ƙaranci. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba yana da sashen yara a Oshodi. Bankin GTBank ya fara wani shiri kan wannan lalura tun 2009, inda yake shirya taro a Ikko yana kawo ƙwararru su duba yara kyauta. Matar da ta taso daga Limawa ko Chanchaga ba ta san hanyar Oshodi ba, ba ta jin Yarbanci, Turancinta kaɗan ne, ba ta da kuɗin otel. Kakanninmu fatake sun kafa al'adar maigida mai saukar da baƙin goro da na shanu, ya ba su ɗaki, ya yi musu tafinta, ya tsaya musu a ciniki. Ɗaki ɗaya a Agege da mutum ɗaya mai raka ta asibiti na mako guda, shi ne bambancin zuwa da rashin zuwa.

Wasu za su kawo mana labarin Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, yaro ɗan shekara 15 mai wannan lalura, wanda zanensa mai faɗin murabba'in mita fiye da 12,000 ya shiga kundin Guinness, aka baje shi a dandalin Eagle Square na Abuja ran 2 ga Afrilu, 2025. Mun yi murna da shi. Amma kada a mai da shi ma'auni, a riƙa jiran kowane yaro ya nuna wata baiwa kafin a taimake shi. Yaron da ya koyi cewa "ruwa" yana da shekara shida, a gidansu ranar salla ce.

Duk wannan ba ya sauke wa gwamnati nauyinta. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ce ilmi haƙƙinsu ne kyauta har zuwa sakandare. Makarantun firamare kuwa a hannun jiha da ƙananan hukumomi suke. Makarantun naƙasassu na Arewa an kafa yawancinsu ne domin kurame da makafi, kuma yaro mai galahanga bukatarsa daban ce. Muna kira ga Gwamna Mohammed Umar Bago da hukumar ilmin bai-ɗaya ta jihar su ware aji da malami a wasu makarantun Bosso da Chanchaga, su kuma sa a koya wa ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi alamun lalurar, tunda wurinsu uwa ke kai yaro rigakafi. Muna kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Minna, Alhaji Umar Faruk Bahago, ya sa baki, limamai da fastoci su yi magana a kan mumbari, domin miji ya daina sakin mata saboda ɗan da suka haifa tare.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da 2 ga Afrilu a matsayin ranar wannan lalura tun 2007. Muna so kafin ranar ta zagayo, shugabannin ƙungiyoyin 'yan Neja na Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal su sa maganar a ajandar taronsu na wata, su buɗe littafi, su rubuta sunayen masu zubi, su kuma aika mutum biyu Minna su zauna da iyayen yaran su ji daga bakinsu abin da za a fara da shi.