Saitin ƙafar mota: Kwamfuta ba ta ganin abin da bakanike bai duba ba

Watannin baya na sayi sababbin tayoyi biyu na gaba, a kan kuɗin da har yau idan na tuna sai na yi ajiyar zuciya. Mai shagon ya ba ni shawara in wuce kai tsaye a yi mini saitin ƙafa, wato abin da makanikai ke kira alaimen, don kada tayoyin su cinye da wuri. Na nufi wani gareji a cikin Kano mai ƙaton allo da ke shelar cewa da kwamfuta suke aiki. Wani matashi ya hau da motar kan dandamali, ya maƙala na'urori a ƙafafun, ya shiga ƙarƙashi da sifana. Kafin in gama amsa waya lambobin allon kwamfutar sun koma kore, ya ce, "Alhaji, an gama." Na biya na tafi ina jin na yi abin da ya dace.

Wata biyu ba su cika ba, bayan 'yan tafiye-tafiye zuwa Kaduna da Abuja, wani mai faci ya kira ni ya ɗora hannuna a gefen ciki na tayar dama. Zanen ya shafe sumul, alhali gefen waje kamar yau aka sayo. Wani dattijon bakanike da ya koyi sana'a tun zamanin Fijo 504 ya ɗaga motar da jak, ya kama tayar da hannu biyu ya girgiza, sai ga ta tana rawa. Kan tayarod ya mutu tun tuni. Ashe an saita mini ƙafar da ba ta tsaya wuri ɗaya ba, kuma ramin farko da na faɗa ya rushe saitin.

Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu tattauna batun, domin na tabbata ba ni kaɗai ba ne. Da yawa daga cikinmu, likitoci da malaman jami'a da ma'aikatan banki, mukan bincika komai a wurin aikinmu, amma da zarar mun shiga gareji muka ga allo yana walƙiya sai mu miƙa wuya. Kwamfutar kuwa awo kawai take yi. Abin da aka nuna mata shi take faɗi.

Bari in ɗan yi bayanin abin da ake saitawa, don mai karatu ya san abin da yake biyan kuɗi a kai. Kusurwoyi uku ne. Ta farko ita ce inda tayoyin suka dosa idan aka dube su daga sama, ko sun ɗan fuskanci juna, ko sun buɗe waje kamar tafiyar agwagwa. Ta biyu ita ce karkatar taya idan aka tsaya a gaban mota, ko samanta ya kwanta ciki ko ya kwanta waje, kamar mai gwame da mai ƙafar baka. Ta uku ita ce jinginar sandar da ƙafar ke juyawa a kanta, wadda ke sa sitiyari ya dawo daidai da kansa bayan an sha kwana. Kowace mota da adadin da kamfanin da ya ƙera ta ya ƙayyade, kuma ana lissafinsa ne da digiri da ɓarin digiri.

Ta farkon ce ta fi cin taya, kuma lissafinta ba ya buƙatar injiniya. Idan taya ta kauce da digiri ɗaya tak daga inda motar ta dosa, to a kowace kilomita tamkar an ja ta a kaikaice ne kimanin mita 17. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kilomita kusan 230, an goga ta ke nan a kan kwalta wajen kilomita 4. Wannan gugar roba ce take ci, kuma mai take sha. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas a 2008, tayoyinmu suka koma dogaro da shigowa daga waje, farashinsu na bin dala. Tun kuma da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babu mai mota da ke wasa da lita ɗaya. Amma asarar kuɗi ita ce ƙarama. Tayar da ta cinye ta ciki ba a ganinta daga waje, sai ranar da ta fashe a kan gudu, da iyali a cikin mota.

To, yaya aikin kirki yake? A fahimtata, rabin aikin ana yin sa ne kafin a kunna kwamfuta. Sai an auna iskar tayoyin huɗu an daidaita ta da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, domin taya mai ƙarancin iska kan jawo mota gefe ko da saiti lafiya lau yake. Sai an ɗaga motar an girgiza ƙafafu, an duba tayarod da boljoyin da bushin da shokozoba. Wanda ya mutu a canja shi tukuna. Bayan haka a zaɓi ainihin samfurin motar da shekararta a cikin kwamfutar. Na sha ganin an danna kowace irin Toyota ce ta fara fitowa a allo, alhali motar da aka ƙera don kasuwar Amurka da wadda aka ƙera don Turai ba lallai adadinsu ya zama ɗaya ba. Sannan a auna ƙafafun baya ma, domin su ne ke nuna layin da motar ke bi. Wanda ya taɓa bin motar da ke tafiya a karkace kamar kare ya san abin da nake nufi.

Akwai wata dabara da ta fi ba ni takaici. Idan mai mota ya koka cewa sitiyarinsa a karkace yake, sai a kwance sitiyarin a mayar da shi tsaye, ƙafafun kuwa suna nan yadda suke. Wannan rufe tukunya ne da wuta a ƙasa. A motocin zamani ma abin ya fi haɗari, saboda akwai na'urar da ke karanta juyin sitiyari tana sanar da tsarin da ke hana mota zamewa, kuma wasu motocin sai an sake saita ta bayan aikin.

Haka nan mu ma masu motoci muna da namu laifin. Mukan haɗa alaimen da balansin, alhali daban suke. Idan sitiyari na karkarwa a wani mataki na gudu, galibi balansin ne, ana gyara shi da 'yan dalma a jikin rim. Mukan kuma ƙi canja ƙarfen da bakanike ya ce ya mutu, mu ce a dai saita haka nan, gobe mu dawo muna zaginsa. A motoci da dama kusurwar farko kaɗai ake iya juyawa. Idan ta biyu ko ta uku ta kauce, yawanci wani ƙarfe ne ya lanƙwashe, sai an je Ƙofar Ruwa ko Panteka an nemo wani.

Ba na raina masu auna ƙafa da igiya da tef a bakin titi. Gwani a cikinsu, a kan daɓe mai lebur, yana iya fin mai kwamfutar da ba a taɓa gwada ingancinta ba tun da aka sauke ta daga kwantena. Ita ma na'urar ma'auni ce, kamar sikelin mai nama, tana buƙatar a riƙa daidaita ta lokaci-lokaci. A nan ne nake ganin ƙungiyar makanikai ta NATA da jami'an duba lafiyar motoci na jihohi ke da aikin yi: a tilasta wa duk mai irin wannan na'ura ya liƙa shaidar ranar da aka daidaita ta, ya kuma ba abokin ciniki takardar awo mai nuna lambobin kafin aiki da na bayan aiki. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana wayar da kai a kan tsofaffin tayoyi. Da ta haɗa da wannan, da ta rage masu fashewa tun shekarunsu ba su kai ba.

Bayan dattijon ya canja mini tayarod, na je wani garejin daban. Na ce a auna iska tukuna, aka auna. Na tsaya a kan allon har aka zaɓi motata. Da aka gama na nemi takardar awo, sai mai wurin ya dube ni da mamaki ya ce injin buga takardar ya shekara biyu babu tawada, kuma ni ne mutum na farko da ya taɓa tambaya. Sai na ɗauki hoton allon da wayata, muka zaga da shi har titin Zariya muka dawo, sannan na biya.