Rajistar masu cin bashi: a rubuta mai biya kamar yadda ake rubuta mai taurin bashi

Matashin da ya je banki a Maraɗi ko Damagaram neman jari, tambayar farko da ake yi masa ita ce jingina: takardar fili ko shaidar albashi. Wanda ba shi da su sai ya koma wajen adashe ko ubangida a kasuwa, ko da ya shekara goma yana ɗaukar kaya bashi yana biya kan lokaci. Gaskiyarsa ƴan layinsu sun san ta, banki bai san ta ba.

Wannan giɓi ne ya kamata rajistar masu cin bashi ta cike. Tun shekarar 2016 kamfanin Creditinfo, da izinin babban banki BCEAO, yake tattara bayanan bashi a ƙasashen UEMOA takwas, har da Nijar. Bankuna da asusun ajiya da bashi suna aika masa sunan wanda ya karɓa, adadin kuɗin, da yadda yake biya. Idan mutum ya nemi sabon bashi, sai mai bayarwa ya duba tarihinsa. Ta haka ake gane wanda ya ci a wuri uku yana neman na huɗu, a kuma gane wanda bai taɓa saɓa alkawari ba.

Sai dai galibin ƴan Nijar ba sa hulɗa da banki, don haka ba su da tarihi a rajistar, mai kyau ko marar kyau. Idan aka bar ta haka, ma'aikata da manyan ƴan kasuwa kaɗai za ta amfana, talaka kuwa ba zai shige ta ba sai ranar da ya kasa biya.

Gyara na farko shi ne a faɗaɗa abin da ake ɗauka shaida. Mai biyan kuɗin wutar Nigelec da na ruwa kowane wata ya nuna halinsa. Haka uwar gidan da ɗanta ke aiko mata kuɗi a kai a kai daga Abijan ko Libiya ta Nita ko Amana: da yardarta, wannan ya isa hujjar samun kuɗin shiga.

Na biyu, a kare sunan mutane. A ƙasar da Musa Abdu ya fi ɗari a unguwa guda, kuskuren rubutu kan iya rataya wa wani bashin da bai ci ba. Dole kowa ya iya ganin abin da aka rubuta a kansa, a bayyana masa da Hausa ko Zabarmanci, a kuma gyara kuskure da wuri, hukumar kare bayanan jama'a HAPDP tana sa ido. Ya kamata kuma a bambanta mai taurin bashi da ɗan kasuwar da takunkumin 2023 ya tsare wa kaya a iyakar Benin.

Na uku, mai biya ya ga ribar gaskiyarsa: sassaucin jingina da ragin kuɗin ruwa. Muddin bankuna suna duba rajista sannan su ci gaba da neman takardar fili, matasa za su ɗauke ta tarko ne, su ƙi sa hannu.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Aikin magabata da bankuna shi ne su sa mai biyansa ya samu ƙofa a buɗe.