Gidajen Make It Right da Hisabin da Ba a Bayar Ba

A watan Agusta na 2005, sa'ad da guguwar Katrina ta fasa madatsun ruwan birnin New Orleans na ƙasar Amurka, unguwar Lower Ninth Ward, wadda galibin mazaunanta baƙar fata ne masu ƙaramin ƙarfi, tana cikin wuraren da musibar ta fi yi wa kaca-kaca. A 2007 shahararren ɗan fim Brad Pitt ya kafa gidauniyar Make It Right da niyyar gina gida 150 a unguwar, aka gayyato mashahuran masu zanen gini irin su Frank Gehry da David Adjaye, jama'a suka yi ta zuba sadaka, har aka kammala gida 109. Ba kyauta aka raba su ba. Sayar da su aka yi da rangwame, wajen dala 150,000 kowanne, mutane da yawa kuwa sai da suka ci bashin banki kafin su mallaka.

Ba a yi shekaru masu yawa ba sai aibu ya bayyana. New Orleans gari ne na ruwa da laima, amma wasu gidajen an yi musu rufi shimfiɗaɗɗe, ba tare da isasshiyar hanyar zubar da ruwa ba, alhali ko maginin ƙauye ya san soron da ba shi da indararo ba ya ganin damina uku lafiya. Katakon da aka yi dandamali da matakala da shi, mai suna TimberSIL, ya soma ruɓewa, har gidauniyar ta kai masu yin sa ƙara a 2015. Ruwa ya ratsa bango, funfuna ta kama ɗakunan da yara ke kwana, aka rushe wasu gidajen ɗungurum, a 2018 kuma mazauna suka garzaya kotu.

Ban ɗauki wannan a matsayin hujjar mugun nufi ba, domin kuskure a sana'ar gini abu ne da ke samun kowa, lauyoyin Pitt ma sun ce ba shi ke gudanar da aikin yau da kullum ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shirun da ya biyo baya, lokacin da aka rufe ofis, masu gidaje suna kira ba mai amsawa, alhali bashin banki bai daina zuwa musu duk ƙarshen wata ba.

Dokar Amurka ta wajabta wa irin waɗannan ƙungiyoyi su miƙa wa hukumar haraji takardar shekara da ake kira fom 990, wadda kowa ke da ikon dubawa, ya ga abin da ya shigo, da abin da ya fita, da albashin manyan ma'aikata. Tsari ne mai fa'ida, ban raina shi ba. Sai dai takarda ce da aka tsara domin hukuma da masu ba da taimako, babu kuma gurbi a cikinta da zai faɗi rufi nawa ke yoyo, ko nawa aka ajiye domin gyaran gidan da aka miƙa makullinsa shekara biyar da suka wuce. Saboda haka lissafin ƙungiya yana iya fita daidai kwabo da kwabo, alhali haƙƙin wanda aka tara dukiyar dominsa yana zube a ƙasa.

Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan mas'ala a babin waƙafi, inda suka hukunta cewa naziri, wato mai kula da waƙafin, zai fara ne da gyaran ginin daga abin da waƙafin ya samar kafin ya raba wa masu haƙƙi ko sisi, domin idan asali ya halaka, sadakar ma ta yanke. Gidajen New Orleans ba waƙafi ba ne, amma illar hukuncin ta shafe su sarai. A ganina, duk gidauniyar da ta sayar wa talaka gida da bashi mai tsawon shekaru, wajibi ne ta ware asusun gyara tun daga tubalin farko, ta bayyana adadinsa kowace shekara, ta zaunar da wakilan mazauna cikin majalisar amintattunta, ko da hakan zai sa ta gina gida tamanin maimakon ɗari. Masu ba da taimako ma suna da nasu alhakin, domin sun fi son jin an buɗe sabon gida da jin an sake rufin tsoho, ƙungiyoyi kuwa suna bin abin da ke kawo kuɗi.

A watan Agusta na 2022 aka sanar da sulhu na dala miliyan 20.5 domin gyaran gidajen, amma ba daga baitulmalin Make It Right ba. Wata ƙungiya ce dabam, Global Green, ta ɗauki alkawarin biya. A 2023 ta bayyana cewa ita ma ba ta da kuɗin a hannu, mazauna kuma suka koma zaman jiran kotu.